Maganin sanyi ya daina ci: jabu ne, ko ƙwayar cutar ce ke turo shi waje?

Maman Husna: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni, kuma raina a ɓace yake. Gwaggona da ke zaune a wurina nan Rikkos tana da ciwon suga, kuma shekara ɗaya da wani abu ke nan tana fama da sanyi: ƙaiƙayi, da farin abu guda-guda kamar madarar da ta tsinke. Duk sanda ya taso sai in aiki yaro kemis ya sayo fulukonazol, ƙwaya ɗayan nan mai miligiram 150. A da kwana biyu ta warware. Yanzu ta sha sau huɗu cikin wata guda, ko gezau. Daren jiya a cikin baho da ruwan ɗumi ta yi rabin dare, tana kuka a hankali don kada yara su ji. Ni dai na ce jabu ake sayar mana. Masu kemis ku ji tsoron Allah.

Alhaji Mai Kemis: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Gwaggo lafiya. Amma Hajiya kada ki yi mana kuɗin goro. Akwai jabu a kasuwa, ba na musu. Sai dai ki duba kwalin, in akwai wurin kankarewa ki kankare ki tura lambar, tsarin da NAFDAC ta kawo tun 2010. Ni abin da nake gani a shago daban ne: mace ta zo ta ce a ba ta "ƙwaya ɗaya", ba takarda, ba gwaji. In na ce ta je asibiti, sai ta wuce shagon gaba.

Maman Husna: Na kankare Alhaji, an ce mai kyau ne. To ai shi ne abin ya ƙara ɗaure mini kai.

Famasis Bilkisu: Sannu Maman Husna, Allah ya saka miki da riƙon da kike yi. Tunda maganin na gaskiya ne, bari in faɗi abin da mai yiwuwa ke faruwa, don ni wannan batu ya daɗe yana damuna.

Abin da ke kawo irin wannan ƙaiƙayi da farin abu yis ne, ɗan'uwan wanda ake kwaɓa fanke da shi, sunansa Kandida. Fatar ƙwayarsa tana buƙatar wani maiƙo da ake kira argosterol, kamar yadda tamu ke da kolesterol. Fulukonazol sai ya shiga har cikin ƙwayar, ya riƙe ma'aikacin da ke haɗa wannan maiƙo, wanda masana suka sa wa suna Erg11. Ku lura da abu biyu. Dole maganin ya shiga ciki, ya taru da yawa, kafin ya yi aiki. Sannan ba kashe Kandida yake yi ba, tsayar da ita yake yi daga hayayyafa, garkuwar jiki ta ƙarasa sauran.

To a jikin fatar ƙwayar akwai wasu 'yan famfuna da aikinsu shi ne kama baƙon abu su turo shi waje. A Kandida albikans, wadda ta fi yawa, sanannun su ne Cdr1 da Cdr2 da Mdr1. A ƙwayar da ba ta taɓa wahala da magani ba, aikinsu kaɗan-kaɗan ne. Amma a cikin miliyoyin ƙwayoyi, sai a samu wadda makunnin famfunanta ya samu sauyi ya maƙale a kunne. Ita wannan magani na shiga tana fitarwa. Duk lokacin da Gwaggo ta sha ƙwaya ɗaya, masu rauni su kwanta, mai famfo ta ci gaba da haihuwa. A kwana a tashi gidan ya zama nata.

Ɗanlami Bukuru: Anti Bilkisu tsaya in gane. Mu a wajen haƙar kuza, in loto ya yi zurfi ruwa na tsattsafowa ta ko'ina. In injin jan ruwa na aiki, mutum zai tsaya a ƙasa ruwa iya idon sawu yana cika buhu. Injin na mutuwa, kafin ka ankara ruwa ya kai ƙugu, sai a ja ka sama. Ke nan maganin shi ne ruwan, ƙwayar cutar ita ce mai haƙa?

Famasis Bilkisu: Wallahi ka fi ni iya faɗa, Ɗanlami. Har da batun mai. Cdr1 da Cdr2 man da suke sha shi ne ATP, ƙarfin da ƙwayar ke samu daga sukari. Mdr1 kuwa ba ya shan ATP kai tsaye, yana amfani da bambancin tsami tsakanin waje da cikin ƙwayar: furoton ɗaya, wato ɗan abin da ke kawo tsamin, ya shigo, magani ya fita. Makunnin na farkon sunansa Tac1, na Mdr1 kuma Mrr1.

Dakta Sani: Famasis, bayaninki daidai ne a kimiyyance, amma ina tsoron a ɗora wa famfo laifin da ba nasa ba. Kalmar "sanyi" a bakin mutanenmu buhu ce, komai ana zubawa a ciki: yis, da rikicewar bakteriyar gaba mai kawo ƙarni, da tirikomonas, da ciwon mafitsara, da cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. Fulukonazol ba ya taɓa ko ɗaya daga waɗannan sai yis. A cikin matan da ke zuwa wurina suna cewa magani ya ƙi ci, da yawa ba Kandida ce ke damunsu ba tun farko. Wasu kuma Kandidar ce, maganin ma yana ci, amma suga ya hau ya ƙi sauka, sai ta dawo bayan sati biyu. Inda aka fara ganin aikin famfunan nan sosai a jikin mutane, a bakin masu cuta mai karya garkuwar jiki ne, shekarun 1990, waɗanda suka yi wata da watanni suna shan fulukonazol saboda farin da ke lulluɓe musu harshe da maƙogwaro. A 1995 ne aka wallafa bayanin CDR1, kuma aka nuna ƙwayoyin da aka ɗebo daga irin waɗannan marasa lafiya sun cika da shi.

Famasis Bilkisu: Na yarda Dakta, ban ce na gano ciwon Gwaggo daga waya ba. Amma ka dubi labarin: shekara guda cur ana sha, da farko yana ci, yanzu ya daina, ga suga. Wannan ai shi ne filin da ake noman bijirewa. Kuma masu suga sun fi sauran mata haɗuwa da Kandida gilabarata.

Maman Husna: Wace ce kuma wannan?

Famasis Bilkisu: Wata 'yar gidan ce, amma ta fi taurin kai. Tun asali fulukonazol ba ya cin ta sosai, kuma ta fi albikans saurin kunna famfo. Dalili: albikans kwafi biyu take da shi na kowane umarnin halitta, sau da yawa sai sauyin ya mamaye duka biyun kafin bijirewar ta yi ƙarfi. Gilabarata kwafi ɗaya gare ta. Makunninta guda, Pdr1, in ya sauya sau ɗaya, famfuna da dama sun tashi tare. Akwai kuma Kandida kurusai, wadda ita fulukonazol bai taɓa zama maganinta ba. To in mace na ɗauke da albikans da 'yar gilabarata kaɗan, ta dinga shan ƙwaya ɗaya duk wata, wa kike ganin zai rage?

Umar Ɗalibi: Ranku ya daɗe, ni ɗalibi ne a Jami'ar Jos. In famfo ne matsalar, me zai hana a ninka maganin? Ko injin Yaya Ɗanlami ai ruwa na fin ƙarfinsa in damina ta yi nisa.

Dakta Sani: Ana yin haka a wasu lokuta, a asibiti, bayan gwaji ya nuna ƙwayar tana tsaka-tsaki. Amma jikin da za a zuba wa ruwan na mutum ne. Hanta na wahala, bugun zuciya na iya rikicewa. Kuma Maman Husna, ki saurara da kyau: in Gwaggo na shan gilibenkalamaid don suga, fulukonazol yana hana hanta sarrafa shi da wuri, sai suga ya faɗi ƙasa warwas. Kada a ƙara mata ko ƙwaya ɗaya sai likita ya gan ta. Masu juna biyu ma ba a so su sha shi, na matsawa ake ba su.

Maman Husna: Innalillahi. Shi take sha kuwa. Akwai ranar da ta yi ta gumi tana rawar jiki bayan la'asar, muka ce yunwa ce.

Alhaji Mai Kemis: Wannan ni ma ban taɓa haɗa su a raina ba, Dakta. Na gode. To in an canza mata zuwa ketokonazol ko itirakonazol fa? Mu haka muke yi in ɗaya ya ƙi.

Famasis Bilkisu: Alhaji a nan ne gizo ke saƙar. Cdr1 ba ya zaɓe. Fulukonazol, itirakonazol, ketokonazol, borikonazol, duk 'yan ɗaki ɗaya ne, azol, kuma duk yana kwashe su. Mdr1 ne mai ɗan zaɓe, ya fi kama fulukonazol. Don haka in Cdr1 ne ya tashi, canza kwali kawai aka yi. Ƙwayar ketokonazol ta sha ma an ja baya da ita a ƙasashe da yawa saboda illar hanta. Magungunan da famfo bai cika damu ba su ne waɗanda ba sai sun taru a ciki ba. Nistatin da amfoterisin B a jikin fatar suke kama argosterol su huda ta. Su kasfofunjin, da aka fara amfani da shi a 2001, ginin bangon ƙwayar suke rushewa. Amma su kasfofunjin ɗin allura ne ta jijiya, masu tsada, na wanda cutar ta shiga jininsa, ba na sanyi ba.

Malam Nura Lab: Salam. Na daɗe ina karantawa, bari in sa baki ta ɓangarenmu, don mu ma da namu laifin. Sau nawa aka ba mutum takardar sakamako an rubuta "an ga yis" kawai? Wane yis? Shiru. Alhali bambancewa ba gagara ba ce. Akwai farantin shuka mai launi: in ka shafa samfur ka ajiye kwana biyu a ɗumin digiri 35 zuwa 37, albikans ta fito kore, turofikalis shuɗi, kurusai ruwan hoda mai faɗi da gashi-gashi a baki. Akwai kuma tsohon gwajin da ake sa yis a ruwan jini na awa biyu zuwa uku, in ta fitar da ɗan tsiro kamar wake ya fara tsira, to albikans ce ko 'yar'uwarta ta kusa. Sannan a ɗora 'yar takarda mai fulukonazol maikurogiram 25 a kan faranti, a auna faɗin da'irar da ta hana tsiro. Na taɓa aiki a wani wuri da na yi wata shida ina roƙon a sayo farantin mai launi, aka ce ba ya kawo kuɗi. Raina ya sosu ƙwarai, don na san matan da ke dawowa wata bayan wata da takarda iri ɗaya.

Umar Ɗalibi: Malam Nura, shi famfon kansa ana iya ganin aikinsa?

Malam Nura Lab: Ana iyawa, kuma abin sha'awa ne. Na gani da idona lokacin karatu. Ana hana ƙwayoyin abinci har ƙarfinsu ya ƙare, a jiƙa su da wani rini mai ruwan hoda, rodamin 6G. Su sha su ƙoshi, in ka juya su a inji sai ka ga dunƙulen a gindin kwalba ya yi jawur. Sai a wanke, a zuba musu gulukos. Da sun samu sukari famfo ya tashi. Cikin mintuna ruwan saman ya fara ɗaukar launi, dunƙulen yana koɗewa. Ka ajiye kwalba biyu gefe da gefe, mai jin magani da mai bijirewa, ta biyun ta riga ta amayar da rininta ta farko na nan riƙe da nata. Amma wannan aikin bincike ne, ba a yi wa mara lafiya shi. Abin da likita ke buƙata shi ne sunan ƙwayar da ko magani na cin ta.

Umar Ɗalibi: To a toshe famfon mana! A haɗa fulukonazol da abin da zai kashe injin.

Famasis Bilkisu: An fi shekara ashirin ana neman wannan, Umar. A kwalba an samu abubuwa da ke toshe shi, irin su takurolimus da milbemaisin. Matsalar ita ce mu ma muna da famfuna 'yan wannan dangi a hanji da hanta da ƙoda da shingen ƙwaƙwalwa, suna kare mu daga guba. Takurolimus kuma maganin danne garkuwar jiki ne da ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, ka ga ba abin ba mai fama da cuta ba ne. Har yau babu maganin toshe famfon yis da aka amince a ba mutane. In kana neman abin da za ka yi bincike a kai, ga shi nan.

Malam Iliya Manomi: Ni manomi ne, dankali da tumatir nake yi, ina kai kaya Farin Gada. Na ji ana cewa feshin da muke yi ma yana da hannu. Gaskiya ne, ko dai komai sai a ce manomi?

Dakta Sani: Akwai gaskiya a ciki Malam Iliya, amma a rarrabe. Cutar da ke ƙone ganyen dankali a Bokkos da Mangu da damina, mai kawo ta ba ma naman gwari (dangin su yis da funfuna) na ainihi ba ne, kuma magungunan da aka fi fesa mata, mankozeb da metalaksil, ba azol ba ne. Waɗanda ake magana su ne irin tebukonazol da furofikonazol da difenokonazol. A Holan aka fara lura cewa Asfajilus fumigatus, funfunar da ke cikin ƙasa da taki, wadda muke shaƙar ƙurarta kullum, ta koyi jure azol a gona, har ta kama huhun mutumin da bai taɓa shan maganin ba. Sai dai a can yawanci ba famfo ba ne, wurin da maganin ke kamawa ne ya sauya, sauyin da ake kira TR34/L98H.

Famasis Bilkisu: Amma famfo ma na nan a gona. Funfunar nan mai toka-toka da ke ruɓar da tumatir da sitiroberi, Botiraitis, an same ta a gonakin inabi na Faransa da Jamus da famfuna a kunne, tana jure magunguna daban-daban lokaci guda. Masu sitiroberi a wajen Vom su riƙe wannan. Malam Iliya, ka karanta sunan sinadarin da ke jikin leda, ba sunan kamfani ba. In duk suna ƙarewa da "azol", abu ɗaya kake maimaitawa. Kuma rage awo don leda ta kai gona biyu, daidai yake da ƙwaya ɗayan da ake ba Gwaggo.

Malam Iliya Manomi: Rage awon nan muna yi, ba zan ɓoye ba. Kuɗin magani ne ya yi yawa.

Hajiya Talatu: Ni nas ce, na yi shekaru a sashen masu cuta mai karya garkuwar jiki. Abin da ke sa ni baƙin ciki in na ga ana wasa da fulukonazol shi ne na san waɗanda ransu ke rataye a kansa. Sanƙarau na Kiriftokokus, wani irin yis da ke kama ƙwaƙwalwa. Mutum ya zo da ciwon kai na sati biyu, wuya ya sanƙare, haske na damunsa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ita ce allurar amfoterisin mai maiƙo sau ɗaya, miligiram 10 a kowane kilo na nauyinsa, sannan kwana 14 na fulusaitosin da fulukonazol miligiram 1200 a rana, daga nan a ci gaba da fulukonazol wata da watanni. Inda babu na farkon biyu, fulukonazol kaɗai ke hannunmu, kuma shi kaɗai ba ya isa.

Famasis Bilkisu: Hajiya kin taɓo inda ya fi ciwo. Shi Kiriftokokus dabararsa ta fi ban tsoro. In magani ya matsa masa, wasu ƙwayoyin sai su ninka ɗaya daga ƙunshin umarnin halittarsu, kuromosom na 1, gaba ɗaya, kuma a kansa ne umarnin famfonsa Afr1 da na Erg11 suke zaune tare. Famfo ya ƙaru, abin da magani ke nema ya riƙe ma ya ƙaru. In an janye magani ya ajiye ƙarin, ya koma kamar bai san komai ba, har gwaji ya nuna yana jin magani. A watan Oktoban 2022 hukumar ta fitar da jerin naman gwari 19 masu haɗari, huɗu a sahun gaba: shi, da Asfajilus fumigatus, da Kandida albikans, da Kandida auris. Ita auris a 2009 aka fara bayyana ta, daga kunnen wata mara lafiya a Japan. Tana manne wa gado da kayan asibiti makonni, kuma a Amurka kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka gwada ba sa jin fulukonazol. Cdr1 na cikin dalilan. An riga an tabbatar da ita a Najeriya.

Alhaji Mai Kemis: To ni yanzu me zan ce wa mai zuwa neman ƙwaya ɗaya? In na hana, maƙwabcina zai bayar.

Dakta Sani: Ka tambaye ta sau nawa ta sha a bana, ko tana da suga, ko tana da ciki. Wadda abin ya dawo mata sau uku ko huɗu a shekara ta wuce kemis, Alhaji. Ko maƙwabcinka ya bayar, ta dai ji daga bakinka.

Alhaji Mai Kemis: Zan gwada. Amma ku ma ku rage wa talaka layi da kuɗin kati, shi ke koro su wurinmu.

Hajiya Talatu: Wannan gaskiya ce, ba mai musu.

Maman Husna: Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Gobe in sha Allah zan kai ta. Malam Nura, akwai abin da za mu kiyaye kafin a ɗauki samfur?

Malam Nura Lab: Kada ta matsa wani magani ko ta shafa mai a wurin, kada ta yi wanki can ciki da sabulu ko ruwan magani. Ki faɗa wa likita ranar da ta sha ƙwaya ta ƙarshe. Ki roƙa a rubuta a takarda cewa ana son sunan nau'in yis ɗin da gwajin jin magani, ba "a duba yis" kawai ba. A auna sugarta a ranar.

Maman Husna: Salam, na dawo da labari bayan kwana shida. Sugar Gwaggo da safe kafin ta ci komai 14 aka samu, likita ta ce ya yi yawa ƙwarai, ta sake mata tsarin magani. Sakamakon shuka ya fito jiya: yis ne, amma ba albikans ba, sun rubuta ana zaton gilabarata. An ba ta nistatin na matsawa na sati biyu. Daren jiya ta yi barci har asuba. Anti Bilkisu, ke nan famfon ne?

Famasis Bilkisu: Alhamdu lillahi, Allah ya ƙara sauƙi. Ba wanda ya auna famfon a jikin tata ƙwayar, don haka ba zan rantse ba, amma a gilabarata shi ne babbar hanyar da take kauce wa fulukonazol. Ta cika sati biyun ko ƙaiƙayi ya tafi a kwana uku, kuma ku koma ranar da likita ta ce.

Maman Husna: To. Akwai sauran ƙwaya biyu na fulukonazol a durowa, maƙwabciyata ta ce in ba ta, ita ma tana jin alamun.

Famasis Bilkisu: Kada ki ba ta, Maman Husna. Ki kai ta inda kika kai Gwaggo, ƙwayoyin kuma ki miƙa wa masu ba da magani a can.